Kwamfutar Abba Ta Ƙi Farkawa

Ikilima ta ɗaga murfin kwamfutar, ta jira haske.

Bai zo ba.

Ta taɓa madanni ɗaya da ɗan yatsa, a hankali, kamar yadda ta saba yi kowace safiya bayan ta idar da azkar. Shiru. Ta goga yatsa a wurin da ake jan kibiya. Babu abin da ya motsa. Fuskarta kawai take gani a baƙin gilashin, idanu a zare.

"Umma... ta ƙi tashi."

Umma Barakatu tana tsakar gida tana dama koko. Ba ta tambayi wace ce ba. Ta ajiye ludayi ta shigo da sauri, tana goge hannu a zaninta.

"Rufe ki sake buɗewa."

"Sau huɗu ke nan."

"Wutar fa?"

"Tana jone da sola tun jiya. Umma, gobe Juma'a."

Umma ta zauna a bakin gado. Ita ma ta san gobe Juma'a.

Kwamfutar ta Malam Isyaku ce, mahaifin Ikilima, tsohon malamin gona. Ta fi shekara goma sha biyu a wannan gida na Sabon Gari. Gefenta ya tsage an liƙe da salatif, haruffa biyu sun goge, batirinta ba ya riƙe wuta fiye da rabin awa. A cikinta marigayin yake rubuta komai, har wasiƙun da yake aika wa yayansa Dattijo a Dagumawa. Su biyun in sun zauna magana baki da baki ba sa kaiwa ƙarshe sai da ɗaga murya, shi ya sa Malam Isyaku ya koma rubutawa, ya buga a takarda, ya ba direba.

Ranar da hawan jini ya kayar da shi, wasiƙa yake rubuta wa Dattijo a kan auren Ikilima da Mudassir. Bai gama ba. Aka kwashe shi zuwa asibiti, Ikilima ta rufe murfin. Bayan kwana biyu aka dawo da gawa.

Sai bayan addu'ar bakwai ta buɗe. Ta tarar da wasiƙar inda ya bar ta, ɗan siririn layin nan yana ƙyaftawa a ƙarshen jimlar da bai ƙarasa ba.

Baffa Dattijo, wanda yanzu shi ne waliyyinta, bai taɓa ɓoye cewa ba ya son Mudassir ba.

"Mai gyaran waya da kwamfuta, aikinsa leƙen asirin mutane ne," in ji shi. "Hoton matar wani, saƙon 'yar wani, duk a tafin hannunsa. Ba zan tsaya wa 'yar ƙanena a kan mai irin wannan sana'a ba."

Da aka gaya masa akwai wasiƙa, sai ya ɗaga hannu.

"Ba a maganar aure uwarki tana takaba. In ta fita, Juma'ar farko in na taso daga kara, kasuwar shanu, zan biyo. Ba na son takarda, ba na son hoto, kowa yana iya ƙera su. A cikin na'urar Isyaku nake so in gani da idona. In ya faɗa, tasa ta zauna. In bai faɗa ba, tawa ta zauna."

Ɗansa Halliru ya ƙara sharaɗi daga gefe. "Kuma kada mai gyaran ya taɓa ta, Baba. In ya taɓa, abin da ya ga dama zai zuba a ciki."

Halliru ya daɗe yana son Ikilima. Sau biyu tana gaya masa cikin mutunci cewa yayanta ne, haka kuma zai zauna. Bai yafe mata ba.

Wata huɗu da kwana goma Ikilima tana renon kwamfutar nan kamar jinjiri. Ba ta taɓa kashe ta ba. Kowace safiya ta buɗe, ta karanta wasiƙar daga farko har inda ta tsaya, ta rufe. Ran Litinin Umma ta fita takaba. Yau Alhamis, kwamfuta ta ƙi farkawa.

Ta ɗauki waya, ta kira Mudassir.

"Sanyin idona, da sassafe haka?" Muryar Mudassir a sake take, ana jin ƙarar motocin da ke hawa gada a bayansa. "Kin tashi lafiya? Ya Umma?"

"Injiniya, kwamfutar Abba... na buɗe, baƙi ƙirin."

"To ba abin kuka ba ne, tsufa ne. Danne maɓallin kunnawa ki riƙe, za ta mutu, ki sake kunnawa. Kin dai yi sebin ɗin wasiƙar, kin adana ta tun tuni, ko?"

Ta ƙura wa baƙin gilashin ido.

"Ikilima?"

"Ban taɓa komai ba. Yadda Abba ya bar ta, haka take. Ko harafi ɗaya ban motsa ba."

"Wata huɗu... ba a adana ba?"

"Amana ce. Na ji tsoron in danna wani abu Baffa ya ce na sauya."

"Hoto fa? Kin ɗauka da waya?"

"Ya ce ba ya son hoto."

Ta ji ya ja dogon numfashi. Da ya sake magana, wasan ya fita daga muryarsa.

"Janye hannunki daga maɓallin nan. Ko me za ki yi, kada ki danne shi. Kin ji ni?"

"Na janye."

"Duba gefenta, akwai 'yar fitila. Tana ƙyaftawa ko a tsaye take?"

"A tsaye. Da can ƙyaftawa take yi."

"Kara kunnenki ta hagu. Fanka tana juyawa?"

"Tana huci kaɗan-kaɗan."

"Danna madannin manyan haruffa sau ɗaya. Shi ba ya rubuta komai, kada ki ji tsoro. Fitilarsa ta kama?"

Ta danna. Ta sake dannawa.

"Ba ta kama ba."

Ya sa ta rufe taga ta haska gilashin da tocila, ko za ta hango inuwar rubutu a ciki. Babu. Ya sa ta zare cajar ta mayar. Ya sa ta ƙara hasken allo. Umma tana tsaye tana jan carbi, kokon ya daɗe da hucewa a tsakar gida.

"Ka gaya mini gaskiya," in ji Ikilima.

"Barci iri biyu take yi. Akwai ƙarami, tana riƙe da aikin a ka, muddin da wuta. Akwai dogo, wanda take kwashe aikin ta ajiye a ma'ajiyarta kafin ta kwanta. In daga dogon ne ta maƙale, wataƙila a kashe a kunna ta dawo da komai. In daga ƙaramin ne, ana kashewa wasiƙar ta tafi."

"To wanne ne?"

"Fitilar da kika ce tana ƙyaftawa... ƙaramin ne, Ikilima. Amma tsofaffin nan sukan yi biyun a tare. Ban yanke ƙauna ba. Gobe zan zo da wayar da ake jonawa da talabijin, ko allon ne kawai ya gaza. Ki bar ta a jone, kada wuta ta yanke mata."

Yinin nan Ikilima ba ta ci abinci ba. Ta zauna gaban baƙin gilashi tana sauraren hucin fanka, tana ƙirga abin da zai faru gobe. Baffa zai zo, zai ga duhu, zai ce dama babu wata wasiƙa. Halliru zai yi murmushin nan nasa. Mudassir zai tafi, domin ba shi ne mai auren da waliyyi bai yarda ba, ita ma ba ita ba ce.

Yarinya ce mai tarbiyya, babu wanda zai musa. Amma tsoro ya yini yana yi mata raɗa a kunne, kuma zuwa la'asar ta fara saurare.

Umma tana sallah Ikilima ta zare cajar, ta naɗe kwamfutar a cikin sallaya, ta rungume a ƙarƙashin hijabi, ta tari adaidaita. Duk ramin da suka faɗa sai ta ƙara ƙanƙame ta. Rabin awa batirin yake yi, in ya ga dama.

Shagon Mudassir ƙarami ne, a layin da ke gangarawa tasha. Yana ganinta ya miƙe, yana ganin abin da ta rungumo fuskarsa ta sauya.

"Subhanallahi. Me ya sa kika cire ta daga wuta? Ga soket can, jona da hannunki. Maza."

Ta jona. Fankar tana nan tana huci. Ya koma can ƙarshen shago ya goya hannuwansa a baya.

"Ba za ka duba ba?"

"Ba zan taɓa ba. Kin san sharaɗin."

"Babu wanda ya gan ni."

"Ni na gan ki."

Ta dube shi, hawaye ya cika mata ido. Ta sassauta murya.

"Nawa... ka saurare ni. Na haddace ta. Sau ɗari da talatin na karanta ta, har inda Abba ya manta waƙafi na sani. Ka kashe ta ka kunna. In wasiƙar ta dawo, alhamdulillahi. In ba ta dawo ba, in faɗa maka ka buga. Kalma bayan kalma, ba ƙari ba ragi. Ai ba ƙarya ba ce, maganar Abba ce."

"Gobe in Baffa ya ce wa ya buga wannan, me za ki ce?"

"Abba."

"To ga ƙaryar nan."

"Mudassir, rabuwa za mu yi fa."

"Na sani."

"Ka sani, kake tsaye da hannu a baya?"

"Ikilima, shekara uku nake son ki, kin fi kowa sani. Yau ko haƙoran sukudireba ba na gani daidai saboda ke. Amma Baffanki ya ce masu sana'ata ba su da amana. In na yi abin da kike so, gaskiya ya faɗa. Kuma ni ba na so in aure ki in riƙa sunkuyar da kai duk ranar da aka ambaci sunan Malam."

"Ashe mutuncin shagonka ya fi ni."

Ya kalli ƙasa, jijiyar wuyansa tana motsi.

"Ki bari ta ɗan sha wuta, ki mayar da ita gida," ya ce daga baya. "Ki gaya wa Umma inda kika zo."

Ta naɗe kwamfutar ta fita ba sallama. Ba ta lura da Halliru ba, yana zaune a bencin mai shayi a tsallaken titi, kofi a hannu, bai sha ba.

Ba ta gaya wa Umma ba.

Washegari, bayan an sauko daga masallaci, Baffa Dattijo ya yi sallama. Dogo ne, fari ya cinye gemunsa, takalminsa duk taɓon kara. Halliru yana bayansa. Aka shimfiɗa musu darduma a falo, aka kawo ruwa da fura. Baffa ya gaida Umma, ya yi mata barka da fita, ya tambayi jiki, ya tambayi haƙuri, aka yi wa marigayi addu'a mai tsawo. Ikilima tana durƙushe a gefe, ba ta jin rabin abin da ake cewa.

Mudassir ya iso da sallama, ya zube ya gaishe su, ya zauna kusa da ƙofa. Baƙar waya ce a naɗe a hannunsa.

"Ina abin?" in ji Baffa.

Ikilima ta jawo ƙaramin tebur. Kwamfutar tana kai, a buɗe, a jone.

Baffa ya sa tabarau, ya leƙa.

"Duhu nake gani."

"Baffa, jiya da safe ta ƙi tashi."

Halliru ya yi 'yar dariya ta hanci. "Ikon Allah. Wata huɗu tana tashi, sai da Baba zai zo barci ya kwashe ta."

"Halliru," in ji Umma, "ka sha furarka."

Mudassir ya ɗan rusuna. "Baffa, in ka ba da izini, akwai abu ɗaya da ba a gwada ba. A jona ta da talabijin. Ba ni zan jona ba. Ko Halliru ya yi, in gaya masa rami."

Baffa ya dube shi ta saman tabarau, sannan ya gyaɗa wa ɗansa kai. Halliru ya karɓi wayar kamar an ba shi mushe. Ya jona inda aka nuna masa. Talabijin ya kawo shuɗi. Aka sauya tasha, aka danna madannan da Mudassir ya faɗa, aka jira.

Shuɗi.

Ikilima ta dubi Mudassir.

"Sai me?" in ji Baffa.

"Saura ɗaya, Baffa. A danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a sake kunna ta."

"Sai wasiƙar ta fito?"

"Wataƙila ta fito. Amma na fi zaton ba za ta fito ba. Malam a ƙaramar manhajar rubutu yake yi, wadda ba ta ajiye komai sai an ce mata ta ajiye. Kuma ba a ce mata ba."

"In aka bar ta haka fa?"

"Ba za ta tashi da kanta ba. Ta ƙage. Kuma ta fara zafi."

Baffa ya cire tabarau. "Yaro, ka san abin da kake faɗa? In na danna ta ɓace, ba ka da hujja."

"Na sani, Baffa. Amma kai ka tambaya."

Halliru ya ajiye kwanon fura.

"Baba, wasa suke yi da hankalinka. Ka tambaye su ina kwamfutar nan take jiya da la'asar. Da idona na ga ta shiga shagonsa da ita a ƙarƙashin hijabi. Sun yi ƙoƙarin zuba ƙaryar ne abin ya ƙi, shi ne suka kashe ta."

Umma ta juyo a hankali ta dubi 'yarta.

"Ikilima, jiya kin ce mini gidan su ƙawarki Saudatu kika leƙa."

Mudassir ya buɗe baki, Ikilima ta riga shi.

"Gaskiya Yaya Halliru ya faɗa, na kai ta. Umma, ki yafe mini. Baffa, ni ce na roƙe shi. Na ce ya kashe ta, in wasiƙar ta ɓace in karanto masa ya buga sabuwa, mu ce Abba ne. Ni na kawo shawarar, ba shi ba. Ya ƙi. Ko soket bai yarda ya jona ba, hannunsa a baya har na fito. Na gaya masa magana mai zafi a kai."

"Kin ji kunya," in ji Umma a hankali.

"Na ji, Umma."

Baffa ya juya ga ɗansa. "Kai da kake leƙe, ka ga ya taɓa?"

"Ai... daga nesa nake, a bencin mai shayi."

"Ba nisan na tambaye ka ba."

"Ban gani ba."

Baffa ya daɗe yana kallon baƙin gilashin. Sannan ya matso da teburin gabansa.

"Wanne ne maɓallin?"

"Na sama ta dama, Baffa. Ka danne, ka ƙirga goma."

"Baffa..." Ikilima ta miƙa hannu, ta tsayar da shi a iska. Ba maganar aure ce ta taso mata a lokacin ba. Layin nan mai ƙyaftawa ta tuna, inda yatsan Abba ya tsaya.

"'Yata, mai ita ma ya tafi," in ji Baffa, ba da faɗa ba. "Bismillahi."

Babban yatsansa mai kanta ya sauka a kan maɓallin. Ɗaya. Biyu. A na bakwai fankar ta yi shiru, 'yar fitilar ta mutu. Sai yanzu suka gane irin yadda hucinta ya cika ɗakin.

"A sake dannawa sau ɗaya," in ji Mudassir.

Haske ya kawo. Umma ta ce, "Alhamdulillahi." Mudassir kuwa idonsa yana kan allon. Wani ɗan zobe ya fara juyawa. Ya juya, ya juya. Minti biyu. Minti huɗu. Ikilima ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

Hoton gonar masara ya bayyana, wanda Abba ya sa tun tana aji uku. Ƙananan alamomi suka jeru a gefe ɗaya bayan ɗaya.

Babu wasiƙa.

Mudassir ya faɗa mata inda za ta duba, daga inda yake zaune. Ta buɗe manhajar, fari fat. Ta duba ma'ajiyar takardu, ga rahotannin taki, ga tsofaffin wasiƙu, ta ƙarshe tun watan azumin bara. Ta duba kwandon shara. Ta sake dubawa.

"Ta tafi," in ji Mudassir. "Ku yi haƙuri."

Ikilima ta kifa kai a gwiwa. Kukan ba mai sauti ba ne, kafaɗunta kawai ke girgiza.

Halliru ya gyara zama. "To Baba, ai magana ta ƙare. Kai ka ce in bai faɗa ba..."

"Na san abin da na ce." Baffa bai kalle shi ba. "Ikilima. Kin ce kin haddace?"

Ta ɗaga kai.

"Karanto mini. Ba don hujja ba. Ƙanena ya rubuto mini wasiƙa, ina so in ji."

"Baba, ai abin da suka tsara za ta..."

"Ka rufe mini baki."

Ta share fuska da gefen hijabi. Ta lumshe ido, ta ga rubutun a gabanta kamar kullum.

"Zuwa ga Yaya Dattijo. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali, da shanu. Na san in na zo da kaina za mu yi faɗa, shi ya sa na rubuto. Maganar Ikilima ce da yaron nan Mudassir. Na ji abin da ka ce a kan sana'arsa. Ni ma haka na zata. Sau biyu ina kai masa wannan kwamfuta. Na farko na ba shi lambar sirri, ya ce in riƙe abata, in zauna ya gyara a gabana. Na biyu na ce sauri nake, na tafi na bar masa ita a buɗe da gangan. Da na dawo na tarar ya rufe ta ya ɗora a kan kanta, ya ce ba ya buɗe kayan mutum sai mai shi yana wurin. Rannan na yi fushi, don ya ɓata mini yini. Da na zo gida na daina fushi."

Mudassir ya sunkuyar da kai. Bai taɓa sanin gwaji ba ne.

"Yaya, ban taɓa roƙonka komai ba tun ranar kwalekwalen Malam Nu'uman. Ka tuna ni na kwance shi ba da izini ba, ni na kifar da shi a ƙasan gada, kai ka finciko ni da gashin kai. Da muka je gida ka ce wa Baba kai kaɗai ka je kogi, ni ruwan rijiya ne ya jiƙa ni. Ka sha dukan mutum biyu. Muka yi alkawari ba mai ji, kuma har yau ko Barakatu ban gaya wa ba."

Umma ta ɗago da sauri. Baffa Dattijo ya daina motsi.

"Yau ma ina so ka tsaya mini. Na yarda da yaron nan, na ba shi. Jikina ba ya yi mini daɗi kwana biyu. In Allah ya sa ba na nan, to kai ne..."

Ta buɗe ido.

"A nan ta tsaya, Baffa."

Daga titi ana jin tirelar shanu tana wucewa.

"Da gashin kai," in ji Baffa, kamar da kansa yake magana. "Tukkunsa na kama. Shekararsa bakwai." Ya ɗaga hannun riga ya goge ido, bai ɓoye ba. "Shekara hamsin da wani abu. Ko uwar Halliru ba ta san wannan ba."

"Baba, wataƙila Baffa Isyaku ya taɓa ba su labari..."

"Isyaku ba ya karya alkawari. Tashi ka je ka duba min shanun da suka rage a kara."

"Yanzu?"

"Da can ma ya kamata, maimakon zaman bencin mai shayi."

Halliru ya fita, bai ɗauki hularsa ba sai da Umma ta miƙa masa.

Baffa ya juyo ga Ikilima. Fuskarsa ta koma yadda aka san ta.

"Ke kuma. Da yaron nan ya biye miki, da yau kin sa ni na ɗaura aure a kan ƙarya da sunan mamaci. Kin gane girman abin?"

"Na gane, Baffa. Na tuba."

"Ba ni za ki gaya wa ba. Ki nemi gafarar Allah, ki nemi ta uwarki." Ya dubi ƙofa. "Kai, Injiniya suke ce maka?"

"Mudassir, Baffa."

"Waye babba a gidanku?"

"Kawuna, Malam Sanusi, a Achika."

"Ka ce ya same ni Dagumawa ran Lahadi bayan la'asar. Kada ya zo ranar Juma'a, ba na zama." Ya yunƙura ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. A bakin ƙofa ya tsaya, ya nuna tebur da haɓa. "Wannan abin kuma, yanzu ka taɓa. Ka gyara wa marayu kayan ubansu."

Umma ta raka shi zaure. Falo ya rage su biyu, ƙofa a buɗe.

Ikilima ba ta iya haɗa ido da shi ba.

"Maganar da na faɗa maka jiya..."

"Wacce? Hayaniyar tasha ta yi yawa, ban ji ba."

Ta yi dariya cikin hawaye, dariyar ta koma kuka.

"Ta tafi, Mudassir. Inda hannunsa ya tsaya... ba zan ƙara gani ba."

"Na sani, sanyin idona. Wannan ban iya gyara shi ba."

Ya bar ta ta yi kukanta. Da ta lafa, ya matso gaban teburin, ya tsaya, bai miƙa hannu ba tukuna.

"Mai ita tana wurin?"

Ta share ido. "Tana wurin."

Ya buɗe farin shafi, ya juyo da kwamfutar gabanta.

"Ki rubuta ta da hannunki, tun tana kanki. A sama ki sa: wasiƙar Abba, kamar yadda 'yarsa Ikilima ta haddace."

Ta rubuta, da yatsa biyu, har ta iso "to kai ne". Ta tsaya a nan. Siririn layin ya ci gaba da ƙyaftawa.

"Yanzu fa?" ta tambaya.

Ya nuna mata madannai biyu.

Ta danna, ta adana.